SF2 ko SFZ, wanne za ka zuba samful ɗinka a ciki?

Ka sauke samful, wato ɗan sautin piyano ko na ganga da aka naɗa, kyauta daga shafin Freesound, kana so ka danna kibod ya amsa, to hanya biyu ce, wato nau'in fayil biyu. SF2, wato SoundFont 2 na kamfanonin E-mu da Creative tun 1996, komai a fayil ɗaya yake, ka buɗe Polyphone, manhajar haɗa SF2, ka ɗora kowane samful kan maɓallinsa ka saita inda zai riƙa maimaituwa shikenan, manhajojin kiɗa irin su FluidSynth da LMMS duk za su karanta ba gardama, ko ka tura wa abokinka ba abin da zai ɓace.

SFZ kuwa rubutu ne zalla, Notepad ma ya ishe ka, kana rubuta sample= (sunan fayil ɗin samful) da lokey da hikey (maɓallin da zai fara da wanda zai tsaya), su fayilolin sautin WAV ɗin suna zaune a folda gefe. Nan daɗin yake, za ka iya sa bugu ɗaya ya dinga juya samful huɗu bi da bi don kar gangar ta fito kamar inji, SF2 ba ya yin wannan kai tsaye. Amma fa ka canza sunan foldar kawai, sforzando, manhajar da ke kunna SFZ, ya yi maka tsit.

Ni dai kayan bugawa SFZ nake kai su, piyano kuwa SF2 ya wadatar. Sai ka duba lasisi kafin ka raba, ba duk na Freesound ne CC0 ba, wato lasisin da ke barin kowa ya yi amfani da shi ba sharaɗi.