Sharhi kan maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara a Bauchi

Duk macen da ke da ƙananan yara a garin Bauchi ta san mutanen nan. Biyu-biyu suke tafiya, galibinsu mata, jaka a kafaɗa, ɗaya da takarda ko waya a hannu, ɗaya da alli. Da zarar ruwa ya zauna sai su fara sallama a ƙofar gida, wata-wata, har damina ta ja baya. Abin da suke kawowa shi ne maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ma'aikatan lafiya ke kira SMC. Yarana biyu sun sha shi damina bayan damina. Babban ya wuce shekarun sha, ƙaramar kuwa har yanzu tana ciki. Ra'ayina a kansa ba ɓoyayye ba ne: maganin yana aiki, kyauta ne, kuma ban ga dalilin da zai sa uwa ta mayar da masu kawo shi daga bakin ƙofa ba. Amma yadda ake miƙa shi ga iyaye mata yana buƙatar gyara, kuma gyaran ba ƙarami ba ne.

Falle ɗaya ake ba kowane yaro, ƙwaya huɗu ne a ciki. Guda ɗaya sulfadoxine-pyrimethamine ce, wato irin maganin nan da muka sani da Fansidar, wanda ake ba mu mu haɗiye a gaban nas idan mun je awon ciki. Sauran ukun amodiaquine ne, masu ruwan ɗorawa. Ranar farko ana haɗa guda biyu, ɗaya daga kowane iri, yaro ya sha a gaban ma'aikata. Ragowar biyun uwa ake bar wa, ɗaya washegari, ɗaya jibi. Daga ɗan wata 3 zuwa ɗan wata 59 ake ba wa, kuma na jarirai 'yan ƙasa da shekara daban yake da na manyansu, ƙarfinsa rabi ne. Bayan kwana 28 a sake dawowa. Inda damina gajeriya ce zagaye huɗu ake yi, daga Yuli zuwa Oktoba, inda ta fi tsawo kuma a fara tun Yuni a yi biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar wannan tsari a 2012 domin ƙasashen yankin Sahel, inda zazzaɓin ke taruwa cikin 'yan watannin ruwa, kuma a Najeriya Katsina aka fara gwada shi a 2013 kafin ya bazu zuwa sauran jihohin arewa.

Ƙwayoyin masu narkewa ne. Ka saka su a ɗan ruwa kaɗan, kafin ka juya sun zama kamar kunun kanwa mai ruwa-ruwa, rawaya shar. Na taɓa ɗanɗanawa a harshe don in san abin da nake ba 'yata: da farko zaƙi-zaƙi, daga baya ɗaci ya biyo, irin mai maƙalewa a maƙogwaro. Wannan ɗacin na baya shi ne ke sa yaro ya furzar. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne yaro ya fara cin wani abu tukuna, ko da koko ne, a zaunar da shi a cinya a miƙe, a narka maganin da ruwa cokali biyu ko uku, ba a cika kofi ba. Idan ya shanye sai a ɗauraye kofin da wani ɗan ruwan a sake ba shi, domin garin maganin yakan kwanta a ƙasa. Ɗure irin na dā, a kwantar da yaro a toshe masa hanci, shi ke kawo ƙwarewa da amai. In ya yi aman cikin rabin awa da sha, ana sake ba shi wani, shi ya sa ma'aikatan kirki ba sa tashi nan take. Za su zauna a tabarma su cike katin yaro, su ɗan yi hira, suna kallon yadda ya karɓa.

Sakamakon da na gani a gida shi ya sa nake rubuta wannan. Kafin maganin ya iso mana, watannin Agusta da Satumba watannin fargaba ne. Jiki ya yi zafi cikin dare, a wayi gari a kemis, a yi allura, a sayo ruwan magani, bayan ɗan lokaci abu ya dawo. Babban nawa yana ƙarami sai da aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa, kuma a gadon da ke kusa da namu na ga yarinyar da ake nema wa jini ido rufe saboda zazzaɓin ya cinye mata shi. Tun da ƙanwarsa ta fara shan wannan magani, damina takan zo ta wuce da ɗan mura kawai. Ba na cewa katanga ce da ba a haurawa. Binciken da aka dogara da shi wajen amincewa da tsarin ya nuna raguwar kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100, ba ɗari bisa ɗari ba. Amma a ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro na duniya gaba ɗaya, kuma yawancin waɗanda yake kashewa 'yan ƙasa da shekara biyar ne, wannan raguwa rayuka ce.

Akwai zagayen da ma'aikatan suka zo suka tarar jikin yarinyar da zafi. Babbar cikinsu ta taɓa goshinta ta ce, "Maman yara, yau ba za mu ba ta ba. Ga takarda, ki kai ta asibitin unguwa a yi mata gwaji tukuna." Na ji daɗin wannan ƙin. Rigakafi ne, ba a warkar da mai ciwo da shi. Aka ɗiga jinin yatsarta a kan ɗan abin gwajin, cikin kamar minti ashirin layi biyu suka fito, aka ba ta artemether-lumefantrine, sau biyu a rana har kwana uku, aka ce in riƙa haɗa mata da nono ko abinci mai ɗan maiƙo don ya shiga jiki sosai. Wannan watan ba ta sha na rigakafin ba, sai zagaye na gaba. Haka kuma suna tambaya ko yaro yana shan Septrin, ko ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan magani irinsa, domin danginsu ɗaya da ƙwayar farko, ba a haɗa su.

To, a nan ƙorafina yake. Ba duka masu rabon ne ke yin haka ba. Akwai waɗanda za su tsaya a zaure, su tambayi yara nawa ne a gidan, su miƙa fallayen ta hannun wani yaro, su shafa alli a bango, su wuce gida na gaba. Na san rana tana dukansu, gidajen da aka ɗora musu suna da yawa, kwanakin zagayen kuma kaɗan ne. Duk da haka, uwar da aka bari da ƙwaya huɗu ba bayani, me ake so ta yi da su? Na ga abin da ke biyo baya a unguwarmu. Wata ta ajiye nata a saman kwaba, wai sai ranar da zazzaɓi ya zo. Wata ta ba da na ranar farko, da ta ga yaro ya yini da kasala sai ta zubar da sauran. Wata kuma, don tausayi, ta raba falle ɗaya tsakanin ƙarami da yayansa. Babu muguwa a cikinsu. Ba a zauna an yi musu bayani ba ne.

Kwana ɗaya cikin uku ne kawai ke hannun ma'aikata, biyun na uwa ne, kuma a waɗannan biyun ƙarfin maganin yake cika. Amodiaquine sai an sha shi kwana uku a jere yake share ƙwayoyin cutar da suka riga suka shiga jini ba tare da sun nuna ba, sannan ya zauna a jiki ya tsare yaro har kusan mako huɗu. Wanda ya sha na rana ɗaya kawai, kariyarsa takan ƙare tun wata bai zagayo ba. Akwai kuma ɓarnar da ta wuce gida ɗaya: shan magani rabi-rabi yana cikin abubuwan da ke koya wa ƙwayar cuta jure masa. Mu da muka taso da chloroquine mun ga yadda ya daina ci, har Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005. Ba na so 'ya'yanmu su wayi gari wannan ma ya bi sahunsa. Inda aka ɗora wa wata dattijuwar unguwa aikin leƙa gidaje a rana ta biyu da ta uku tana tambayar "an ba shi na yau?", abin ya fi tafiya daidai nesa ba kusa ba. Muryar wadda aka sani a gidan suna da gidan biki ta fi ta baƙuwa shiga kunne.

Surukata ma da farko ba ta yarda ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, yaro lafiyarsa ƙalau yana wasansa, mene ne na ɗura masa magani?" Na ce, "Hajiya, ai shingen gona tun kafin awaki su shiga ake yin sa." Ta yi shiru, ba don ta gamsu ba. Abin da ya sauko da ita shi ne da na nuna mata cewa farar ƙwayar ita ce dai wadda na sha ina da cikin jikarta, a asibitin da ita da kanta ta raka ni. Yanzu ita ce mai tuna mini idan wata ya kusa cika.

Ban raina masu ɗari-ɗari da maganin kyauta ba. Mutanen arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma tsoron da ya samo asali daga abin da ya faru da gaske ba a kore shi da tsawa. Sai dai wannan ba sabon magani ba ne da ake gwadawa a kanmu. Ƙwayoyin biyu tsofaffi ne, an daɗe ana sayar da su a kemis, an san amfaninsu an san illarsu. Illar da aka fi gani ita ce amai, ciwon ciki, gudawa ko kasala ta yini ɗaya ko biyu. Tawa takan yi barci fiye da yadda ta saba a ranar farko, washegari ta ware. Wanda ba a wasa da shi shi ne ƙuraje masu yawa, ko kumburin fuska da leɓe, ko idanu su yi rawaya. Nan a dakatar da sauran ƙwayoyin a nufi asibiti da katin yaro. Da magidanta za su ji wannan bayani daga bakin limami ko mai unguwa kafin zagayen farko, da an rage gidajen da ake cewa "maigida bai ba da izini ba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyakar shekaru. Ranar da babban nawa ya cika biyar aka cire shi, alhali a ɗaki ɗaya suke kwana da ƙanwarsa, sauro ɗaya ke cizonsu, kuma yanzu shi ne mai kwanciya da damina. Na fahimci dalilin: ƙanana sun fi mutuwa, kuɗin kuma ba ya isa kowa. Amma a Senegal har 'yan ƙasa da shekara goma ake ba wa, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idar, ta bar wa kowace ƙasa ta duba yaran da ke cikin haɗari a wurinta. Ina fata masu tsara abin a nan su duba 'yan firamare. Kafin nan, raba musu na ƙannensu ba mafita ba ce, don ba zai ishi babba ba, kuma an tauye ƙarami.

Gidan sauro yana nan daram, maganin bai sallame shi ba. Macen sauron da ke ɗauke da cutar da dare take cizo, kuma igiyar leƙo da fiya-fiya ba su kai gidan sauro mai magani ba, ga hayaƙinsu yana tayar wa yara da tari. Allurar rigakafin zazzaɓin da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 ita ma ƙari ce a kan waɗannan, ba madadinsu ba.

Zagayen da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne na Oktoba. Ruwa ya fara ɗaukewa, hankali ya koma kan girbi, wasu an tafi ƙauye yankan gero da cirar gyaɗa da yara a goye, sai a ɗauka an tsallake. Alhali kududdufai da kwatocin unguwa suna nan cike, sauro ya gama hayayyafa, asibitoci kuma a lokacin suke cika da yara masu zafin jiki. Wadda za ta yi tafiya ta tafi da katin yaro, ta tambaya a asibitin sha-ka-tafi na garin da ta sauka ko ana rabon a can. Masu shela da gidajen rediyo kuma su sanar da ranakun wannan zagayen tun da saura mako guda, ba da safiyar ranar da za a fara ba.