Manhajar tunatar da magani da ɗana mai asma

Duk uwar da ke da yaro mai asma ta san inhela, wato gwangwanin maganin da ake fesawa a baki a shaƙa, iri biyu ce. Akwai shuɗiyar, mai salbutamol, wadda ake ɗaukowa da gudu idan ƙirji ya toshe, numfashi yana fito. Ita ba a manta ta, ciwon da kansa yake kiran ta. Sai ta rigakafi, ruwan ƙasa, mai beclomethasone, wadda likita ya rubuta wa ɗana shaƙa biyu da safe, biyu da dare, ko yana lafiya ko ba ya lafiya. Aikinta rage kumburin hanyoyin iska a hankali, kuma ba a ganin amfaninta sai an jera makonni ba fashi. Yaron da ke tsakar gida yana buga ƙwallo kuwa, wa zai kalle shi ya tuna da magani?

Saboda wannan na sauke wata manhajar tunatar da shan magani ta kyauta kafin shigowar hunturun da ya wuce, domin a Kano ƙurar hunturu ce ta fi tayar masa da ciwon. Saita ta bai ba ni wahala ba: sunan magani, yawan shaƙa, lokaci. Na ɗaura na safe da bayan sallar Asuba, na dare da bayan Isha'i, don lokutan nan kowa yana gida. Idan ta yi ƙara ba a danna cewa an ba da magani ba, takan sake yi bayan 'yan mintuna. Wannan nacin nata shi ne ya fi min amfani, musamman da safe ana haramar makaranta.

Abin da ban yi zato ba kuma ya burge ni shi ne lissafin ragowar magani. Gwangwanin inhelarsa shaƙa 200 ne, huɗu a rana ke nan kwana 50. Yawancin waɗanda muke samu a kemis ba su da ma'aunin da ke nuna abin da ya rage, kuma gwangwanin kan ci gaba da fesa iska ko maganin ya ƙare. Manhajar tana ragewa duk lokacin da na danna, ta sanar da ni da sauran mako guda. Ranar komawa asibiti kuma na buɗe wa likita jadawalin kwanakin, ya ga inda aka yi da inda aka tsallake, bai dogara da "muna ba shi, likita" da kowace uwa ke faɗa ba. Da ya ga ana shaƙa yadda ya kamata, bai ƙara masa ƙarfin magani ba.

Tarin dare ya ragu sosai, shuɗiyar ma mun rage ɗauko ta. Amma a lokacin mun daina kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗakinsa, mun kuma fitar da turaren wuta, don haka yabon ba na waya kaɗai ba ne.

Akwai inda ta gaza. Manhajar ba ta san ko yaro ya shaƙi magani ba, abin da aka danna kawai ta sani. Ba ta san ko an girgiza gwangwani, ko an haɗa shi da sifesa, wato bututun robar da ake fesa maganin a ciki yaro ya shaƙa, ko ya kuskure baki bayan ya gama don kada fararen ƙuraje su fito masa a harshe. Wannan aikin ido ne, sai babba ya tsaya a kai. A wasu ƙasashe akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a jikin inhelar kanta, tana ƙara idan lokaci ya yi, tana kuma rubuta kowace fesawa. A wani bincike da aka yi a Okland ta Niyu Zilan, aka wallafa a 2015, yara 220 masu shekara 6 zuwa 15 aka bibiya: waɗanda aka kunna wa ƙarar sun shaƙi kusan kashi 84 cikin ɗari na maganinsu, sauran kashi 30 kacal. Da irin wannan za ta iso kemis ɗinmu da farashin da talaka zai iya, da ita zan zaɓa.

Sai batun caji. Idan aka ɗauke wuta waya ta mutu, tunatarwa ta mutu tare da ita. Tsarin adana batir na wayar ma yakan toshe sanarwar, sai an shiga saituna an cire manhajar daga cikin waɗanda ake takurawa. Duk mai niyyar amfani da ita ya fara da wannan.

Babban ƙorafina shi ne harshe. Komai da Turanci yake. Idan na yi tafiya, kakarsa ce ke riƙe shi, ita kuma ba ta karanta boko. Dole na saita mata ƙararrawa a ƙaramar wayarta mai madannai, na kuma riƙa kira ina tambaya: "Hajiya, an ba shi ta ruwan ƙasar?" Ina roƙon matasanmu masu haɗa manhaja su yi mana wadda za ta yi magana da murya, da Hausa, ta faɗi launin inhelar da za a ɗauko.