Direban da nake ba lodin albasata zuwa Ikko

'Yan kasuwa suna yawan tambayata wa nake ba lodi idan zan tura albasa kasuwar Mile 12. Wani direban tirela ne ɗan wajen Bodinga, ta hannun 'yan kamasho na same shi, kuma har yau ban canza ba.

Tamfol ne ya riƙe ni. Albasa ba ta son zafi, ba ta son danshi. Wasu direbobin tun daga Sakkwato suke lulluɓe ta ruf, ta yi ta gumi har Yauri, a sauke buhu a Ikko yana ɗigar ruwa. Shi kuwa yana barin gefe a buɗe iska na ratsawa, sai ya ga hadari ya haɗo, galibi bayan an haye gadar Jebba, sannan ya sa yaron mota ya ja igiya. Kuma ba ya ɗaukar fasinja a saman kaya. Na ga wani ya roƙe shi a tasha har da haɗa shi da Allah, ya ce ya yi haƙuri, buhun da aka kwana a kai ya zama asara.

Tafiyar ta haura kilomita 1,000: Tambuwal, Jega, Koko, Kontagora, Mokwa, Ilorin, Ogbomoso, Ibadan. Tsakanin Kontagora da Mokwa nan ne ake gane direba. Ramuka sun cinye kwalta, mai gaggawa ya karya sifirin ko ya kifar da mota. Mutumin nan a hankali yake lallaɓawa, gara ya makara da wuni guda. Lokacin ambaliyar Mokwa, ƙarshen Mayun 2025, da ruwa ya yanke hanya manyan motoci suka yi cirko-cirko, ban ga laifin kowane direba ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne waya. Da ya wuce Koko sai ka yi ta kira a kashe, kai kana nan hankali a tashe, dillali a Ikko yana damunka. Sai kuma kuɗin hanya. A yi ciniki a gama, ya isa ya ce masu karɓar haraji da sanda mai ƙusa sun tatse shi a shingaye, a ƙara masa. Gaskiya ne suna nan, amma ba rasit, ba yadda za ka tantance.

A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela, mai kilomita 1,068. Allah Ya sa a gama. Kafin nan, wanda zai ba shi kaya ya yanke kuɗin hanya tun a tasha, gaban ɗan kamasho, ya kuma karɓi lambar yaron motar.