'Yar wuƙar zomo ta maƙerin kasuwar Laraba, bayan rani guda a hannuna

Tun ina yaro nake bin yayyena farauta, kuma shekara da shekaru da doguwar wuƙar fawa nake feɗe zomo. Ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Cikin zomo bai fi tafin hannu ba, fatar cikin kuma kamar takarda, kana ɗan dannawa tsini ya shige hanji. Bara da kaka, bayan an kawar da gero, na je wurin wani tsohon maƙeri da ke zama a bakin kasuwarmu ranar Laraba, na ce, "Baba, wuƙar zomo nake so a ƙera mini." Ya ajiye awartaki ya dube ni. "Zomo ma har da wuƙarsa? To ɗana, nuna mini tsawonta." Na miƙa masa manuniyata, ya gwada da kara, ya ce in dawo Laraba mai zuwa.

Abin da ya ba ni, ƙarfen bai wuce santimita 9 ba. Daga tsohon sifirin na babbar mota ya yanko shi, ya gasa da gawayin ƙirya, ya tsoma a baƙin mai. Ƙotar ma ƙirya ce, an ɗaure ta da ƙusa biyu. Naira 3,000 ya karɓa, badukun da ke gefensa ya ɗinka mini kube a 1,500. Akwai wani abu da ban ce ya yi ba, shi ya yi da kansa: ya ɗan sunkuyar da bayan wuƙar zuwa wajen tsini, ta yadda bakin bai tsaya cako-cako kamar mashi ba. A lokacin ban ga amfaninsa ba. Sai da na sa ta a cikin zomo na gane tsohon ya san abin da yake yi.

Zomon farko a watan Janairu ne, cikin hunturu, karena ya tashe shi daga gindin sabara. Ni ba na jira a dawo gida kafin in cire kayan ciki. Da an yanka, jini ya tsiyaye, sai in riƙe shi ta ƙafafun gaba, in bi cikinsa da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa har fitsarin ya fita. Wanda ya tsallake wannan, zai ji shi a miya. Daga nan in tsunguli fatar ƙasan ciki in ɗaga, in yi 'yar ƙaramar kafa, in sa yatsu biyu a ciki, wuƙa a tsakaninsu, kaifi yana kallon sama. A nan ne sunkuyayyen bakin nan ya yi aikinsa: yana tafiya a kan yatsuna har ƙirji bai ko shafi hanji ba. Zomo yana da wata babbar jakar hanji cike da ciyawar da ta fara ruɓewa, in ta fashe a kan nama, ko ka wanke sau uku ɗoyin yana nan. Zomaye 14 na feɗe da wuƙar nan daga Janairu zuwa Afrilu, sau ɗaya kawai na fasa hanji, shi ma hira ce ta ɗauke mini hankali.

Wajen hanta ma ta burge ni. Matsarmamar zomo 'yar mitsitsiya ce, maƙale cikin hanta, da doguwar wuƙa sai dai ka yanke rabin hantar ka yar. Da wannan kuwa ɗan lakato ta kawai nake yi. Ina duba hantar da kyau: in na ga fararen ɗigo-ɗigo a jiki, ko wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwa-ruwa manne da hanji, ba na kai wa iyali. Kuma na daina jefa wa karnuka ɗanyen kayan ciki, don ta nan suke kwasar tsutsar ciki. Rami nake tonawa in binne, suna kallona kamar na ci amanarsu.

Yanzu ga inda ta ba ni haushi, ko da yake rabin laifin na kube ne. Baduku ya matse shi da yawa, kuma da fata ta sha jini ta bushe sai ta ƙara kamawa. Wata rana ƙanena ya jefi wani ƙaton zomo da gora, muka iske shi yana shure-shure. Kowa ya san hukuncin: wanda sanda ta buge, in ba a riske shi da rai an yanka ba, mushe ne. Ina ja, wuƙa ta ƙi fita, har da haƙori na sa. Kafin ta zare ya cika. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, mu ranar gudun kawai muka ci. Da na koma gida na jiƙa kuben, na cusa masa itace ya kwana, na shafe shi da man kaɗe, tun daga nan bai sake yi mini gardama ba.

Sai tsatsa. Ƙarfen sifirin ba ya yafiya, ka bar jini a kansa daga hantsi zuwa la'asar ka tarar ya yi ja. Dole a goge shi nan take da ƙasa ko toka, a shafa ɗan man gyaɗa da dare. Ƙotar kuma maƙerin ya goge ta ta yi sumul, kyau a ido, amma in hannu ya jiƙe da jini sai ta riƙa silɓewa.

Kaifi dai babu magana. Nakan feɗe uku ko huɗu kafin in ɗan goga ta a dutse, kuma wasawar ba ta cin lokaci. Sai dai ba wuƙar sara ba ce. Na gwada datse ƙashin ƙafar baya da ita, bakin ya ɗan ɓalle, sai da magagari na gyara. Ƙafar zomo a gaɓa ake karya ta da hannu, a yanke jijiya kawai. Fatar kuwa ba ta ma bukatar wuƙa sosai, ka tsaga a gadon baya, ka ja gaba da baya, ta sulluɓe kamar safa. Masu babbaka su wannan bai dame su ba.

Abokin farautarmu yana da irin mai naɗewar nan ta kanti, mai ƙyalli, ba ta tsatsa. Amma gashi da jini suna shiga mahaɗinta, bayan kwana biyu in ka buɗe sai ka kau da kai. A zafin Afrilu, lokacin da nama ke juyawa kafin ka kai bakin gari, na fi son abin da zan wanke tas da ruwan gora guda.

Wanda yake neman wuƙar da zai yanka rago da ita ranar Sallah, ya nemi wata. Ta zomo ce, da zabo da fakara, iyakarta ke nan. Makon jiya na mayar wa Baba ita, ya yi wa ƙotar tsaga-tsaga da magagari don ta daina silɓi, na kuma ba da aikin ta biyu saboda ƙanena. Ya ƙi karɓar kuɗin gyara. Ya ce in rani ya zagayo in kawo masa cinya biyu, amma na zomon da wuƙarsa ta yanka.