Fatan da Keke: Abin da Za Ki Duba Kafin Ki Fara Ɗinka Kayanki a Gida

Da azumi ya raba tsakiya teloli sukan daina karɓar ɗinki, wanda ya karɓa kuma sai kuɗin ya hau. A lokacin ne mata da yawa ke ƙudurta cewa bana za su sayi keke su riƙa ɗinka nasu da na yara. Niyya ce mai kyau, kuma abu ne mai yiwuwa. Matsalar a wajen sayayya take: sai a kwashi kuɗin duka a zuba a keke, alhali kyan riga daga yanka yake fitowa. Aikin keke haɗawa ne. Yankan da ya karkace, ko keken masana'anta ba zai miƙar da shi ba. Shi ya sa zan fara da fatan, keke ya biyo baya.

Yawancin telolinmu ba sa amfani da fatan. Awo ne, sai alli, sai almakashi a kan yadi kai tsaye. Wannan gwaninta ce da ake samu bayan shekaru a shago ana kallon hannun maigida, kuma mai koyo a ɗakinta ba ta da wanda za ta kalla. Abin da zai maye mata gurbinsa shi ne fatan, wato takardar da aka yanke da siffar kowane sashe na riga: gaba, baya, hannu, wuya. Kuskure sai ya tsaya a takarda, atamfa ta tsira. Riga kuma idan ta zauna daidai sau ɗaya, za a iya maimaita ta kullum ba tare da sabon lissafi ba.

Na farko a cikin hanyoyin samunsa shi ne na ambulan, irin na kamfanonin Amurka. Ebenezer Butterick ne ya fara sayar da fatan mai girma daban-daban a 1863, daga baya McCall's da Vogue da Simplicity suka shigo. Alherinsa a bayyane yake. Akwai takardar bayani mai hotuna da ke nuna abin da za a fara haɗawa da abin da zai biyo baya. An riga an bar rarar ɗinki, wato ɗan yadin da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yanka, a gefen kowane sashe, galibi kashi 5 cikin 8 na inci, kusan santimita 1.5. A bayan ambulan kuma an rubuta yawan yadin da ake buƙata idan faɗinsa inci 45 ne, da kuma idan 60 ne. Sai dai da wuya ki same shi a kasuwanninmu, sai an yi oda ko wani ya zo da shi daga waje, takardarsa kuma shara-shara ce, saurin yagewa gare ta.

Babban abin lura a nan shi ne lamba. Lambar fatan ba ta tafiya da ta rigunan kanti. A jadawalin waɗannan kamfanoni lamba 12 tana nufin ƙirji inci 34, ƙugu 26 da rabi, mazaunai 36. Lamba 14 kuwa 36 da 28 da 38. Don haka tef za ki ɗauka ki auna kanki, ki manta da lambar da kika saba saye. Sannan an zana su ne don matar da tsakanin awon saman ƙirjinta, wato ta ƙarƙashin hammata, da awon cikar ƙirjin bai wuce inci 2 ba. Mace mai cikar jiki idan ta zaɓi lamba da awon cikar ƙirji, sai kafaɗa ta zubo, wuya ya buɗe. Abin yi shi ne a zaɓa da awon saman ƙirji don kafaɗa ta zauna, sannan a tsaga takardar a ƙara faɗi a inda ake buƙata. Haka nan yawancin fasalin nasu gajeru ne, wuya a buɗe, hannu guntu, dole sai kin ƙara tsayi kin ɗaga wuya kafin ya zama abin da za ki fita da shi. Ba aiki ne mai wuya ba, amma ki san da shi kafin ki biya kuɗin jirgi a kan takarda.

Na biyu shi ne na mujalla, kuma wadda ta fi shahara ita ce Burda ta ƙasar Jamus, wadda Aenne Burda ta fara fitarwa a 1950, ta soma saka takardun fatan a ciki a 1952. Fitowa ɗaya tana ɗauke da riguna masu yawa, don haka ta fi arha idan aka raba kuɗin. Da santimita take awo, abin da zai yi wa 'yan uwa na Nijar daɗi tunda da shi suka saba, kuma ana buga ta da Faransanci da Ingilishi. Amma ban ba mai fara koyo shawarar ta fara da ita ba. An buga layukan riguna da yawa a kan takarda ɗaya, wani kan wani, sai kin bi naki da ido kin kwafe shi a wata takarda. Ba a kuma saka rarar ɗinki ba, ke za ki ƙara. Wadda ta manta da wannan ta yanka a kan layi, rigar ta matse ke nan ta kowane gefe. Tsayin macen da suke zana wa shi ne santimita 168.

Na uku shi ne wanda ake saukewa daga intanet a buga a takarda. Wannan ya fi sauƙin samu a yanzu, akwai na kyauta, akwai na saye, kuma ƙananan kamfanoni da yawa suna yin lambobi manya fiye da na ambulan. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen bugawa. Kowane fatan na kirki yana da ɗan murabba'in gwaji a shafin farko da aka rubuta girmansa. Ki ce wa mai shagon kwamfuta ya buga wannan shafin shi kaɗai tukuna, a kan kashi 100, kada ya bari na'ura ta rage ko ta ƙara don ya cika shafi. Ki sa tef ki auna murabba'in a gabansa. Idan ya ragu ko da kaɗan ne, wannan kaɗan ɗin zai taru a gaba da baya ya zama inci guda ko fiye a faɗin riga. Ki kuma duba cewa fayil ɗin na takardar A4 ne, domin ta Amurka ta fi tamu faɗi kuma ta fi gajarta. Doguwar riga tana iya cin shafuka gommai da za ki yanke gefensu ki liƙa. Idan garinku akwai masu buga zanen gini, su suna da babbar takarda A0, a fito miki da shi a shimfiɗe ba liƙi.

Na huɗu shi ne wanda kika yi da kanki, kuma shi nake so kowace mai koyo ta fara da shi. Dalili kuwa, yawancin abin da muke sawa a gida, buba, doguwar riga mai sakin jiki, kaftanin yara, wando mai roba, hijabi, siffarsu mai sauƙi ce, kuma babu kamfanin waje da ya san yadda muke son su zauna. Ki nemi tsohuwar rigar da take miki daidai wadda ta riga ta koɗe. Ki farke ɗinkinta a hankali, ki goge kowane sashe da dutsen guga, ki ɗora a kan takarda mai ɗan kauri ki zagaye da fensir. Ga fatan wanda jikinki ya riga ya gwada. Idan ba ki son farke ta, ki ninka ta biyu ki kafe da fil ki zana, sannan ki ƙara rarar ɗinki. Sai dai ta wannan hanya lanƙwasar kan hannu ba ta cika fita daidai ba. Ki guji jarida idan farin yadi za ki yanka, tawadarta tana ɓata shi. Wata dabarar da ta fi wannan: ki biya ƙwararriyar tela ta auna ki ta zana miki fatan na asali, gaba da baya da hannu da siket, ki mayar da shi kan kwali ki rataye. Kuɗin da za ki ba ta sau ɗaya ne, daga wannan kwalin kuma za ki riƙa fitar da fasali iri-iri. A jikin kowane sashe ki rubuta sunansa, da na mai shi, da ko an saka rarar ɗinki. Na intanet sai ya zo daga baya, lokacin da kike son riga mai kwala ko wando mai zif da aljihu, inda lissafin yake da yawa.

Kowanne kika zaɓa, ki fara gwada shi a akoko ko tsohon zanin gado kafin ki taɓa abin da kika sayo a Kantin Kwari. Turmin atamfa yadi 6 ne, faɗinta kuma ya fi kusa da inci 45, don haka wannan layin za ki duba a jadawali. Idan zanenta mai kai da gindi ne, kamar tsuntsu ko fure, dole duk sassan su kalli gefe ɗaya, wannan kuma yana cin yadi fiye da abin da aka rubuta. Atamfa ba ta miƙewa, saboda haka fatan da aka yi don yadi mai roba ba zai shiga jiki ba idan aka yanka shi da ita. Yadin auduga a wanke shi kafin yanka don ya gama tsukewa. Shadda kam ba a yi mata haka, ƙyallinta zai tafi.

Yanzu keke. Baƙin keken ƙafa irin Butterfly, wanda ake ƙerawa a Shanghai a kan tsarin tsohon Singer 15, shi ne zaɓina ga duk wadda wutar unguwarsu ba ta tsayawa. Ƙarfe ne, ba ruwansa da lantarki, kayan gyaransa suna kowace kasuwa, kuma duk mai gyaran keke ya san cikinsa. Ana iya ɗaura masa ɗan mota daga baya, idan akwai wuta a yi da ita, idan an ɗauke a koma ƙafa. Rauninsa ɗaya: miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Ba ya yin zigizag, ba ya yin ƙofar maɓalli, kuma ɗinkinsa yana tsinkewa a yadi mai roba irin na wasu hijabai. Keken juyawa da hannu kansa ɗaya da na ƙafa, ya fi arha kuma ba ya cin wuri, amma hannu ɗaya yana kan juyawa, ɗaya ne ya rage miki na riƙe yadi, a lanƙwasar wuya da hammata kuwa biyu ake so.

Keken lantarki na gida, irin Brother da Janome da Singer na zamani, yana yin duk abin da baƙin keke ya kasa, kuma wutar da yake ci kaɗan ce, galibi ba ta wuce wat 100 ba, ƙaramar sola za ta ɗauke shi. Idan shi za ki saya, ki ɗauki mai maɓallin murɗawa, ki bar mai allon kwamfuta. Wuta mai hawa da sauka tana ƙona allon, mai gyaransa kuma sai a manyan birane. Masu arha sosai haƙoran cikinsu na roba ne, ba sa jure yadi mai kauri. Ki ɗaga shi ki ji nauyinsa. Idan na gwanjo ne da aka shigo da shi daga waje, ki karanta ɗan rubutun da ke bayansa. Na Amurka wutar 110 zuwa 120 yake ɗauka, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, idan aka jona shi kai tsaye ba taransifoma motar ta ƙone nan take.

Keken masana'anta irin Juki na masu shago ne. Yana iya yin ɗinki sama da 5,000 a minti ɗaya, na gida kuwa wajen 800. Wannan gudun ya fi ƙarfin hannun mai koyo, ga nauyi, ga cin wuri, kuma shi ma miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Ki bar shi sai ranar da kika fara karɓar ɗinkin mutane. Ƙananan kekunan batir da ake talla a waya kuwa, kada ki sa kuɗinki. Ba sa huda atamfa ninki huɗu. Injin gyaran bakin yadi shi ma ba na farko ba ne. Ki kai shago a yi miki, ko ki yi ɗinki biyu: ki fara haɗawa ta waje, ki rage bakin da almakashi, ki juya ki sake ɗinkewa ta ciki, bakin ya ɓuya a tsakiya. A atamfa da boyel wannan ya fi tsabta ma.

Daga abin da ya rage na kuɗin, almakashi mai kyau ya fi cancanta, kuma a ware shi don yadi kaɗai, takarda tana dakushe shi, a sayi wani mai arha don fatan. Tef ki ɗauki mai inci a fuska ɗaya, santimita a ɗaya. Allurar keken gida da ta baƙin keke gindinta a shafe yake ta gefe ɗaya, ta masana'anta kuwa zagayayye ne, ba sa shiga wa juna. Lamba 14 ta dace da atamfa, 11 ko 12 da yadi mai laushi, 16 da mai kauri.

Ranar sayen keke ki tafi da ƙyallayenki: atamfa ninki huɗu, da boyel falle ɗaya. Ki zauna ki ɗinka da kanki a gaban mai sayarwa, ki juya ƙyallen ki duba ƙasansa, domin a can zare yake tattaruwa idan keken bai daidaita ba. Ki gwada komawa baya, ki saurari ƙararsa ko akwai abin da ke bugawa. Sannan ki tambayi wanda ke gyaran irinsa a garinku da inda ake samun ƙoshiyarsa da bel, ki je ki gani da idonki kafin ki biya.