ImageMagick wajen rage hoto da faɗaɗa shi: inda ya yi zarra da inda yake cizo

Duk wanda ya taɓa rage hoton riga mai ƙananan layuka ya ga wani zane kamar igiyar ruwa ya ɓullo a kanta, ko ya faɗaɗa tambari ya ga gefensa ya koma kamar matakalar bene, ya san canza girman hoto ba ja da matsewa ba ne kawai. Lissafi ne. Hoto mai fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto) 6000 a faɗi da 4000 a tsayi yana ɗauke da fiksel miliyan 24. In aka mai da shi 1500 da 1000, saura miliyan ɗaya da rabi, wato kowane sabon fiksel ya tsaya a madadin tsofaffi 16. Yadda za a auna waɗannan tsofaffin, wanne za a ba nauyi, wanne za a rage masa, shi ne ke raba hoto mai kyau da wanda ya dagule.

ImageMagick manhaja ce ta kyauta ta sarrafa hotuna wadda John Cristy ya fara rubutawa a 1987, aka sake ta ga jama'a a 1990, tana kuma aiki a Linux da Windows da macOS. Ba ta jiran ka danna maɓalli, umarni ake rubuta mata. A siga ta 7 umarnin yana farawa da `magick`, a ta 6 kuwa `convert` ne. Mafi sauƙin aiki shi ne:

`magick asali.jpg -resize 1500x1000 sabo.jpg`

Abin yabo na farko shi ne zaɓin da take yi da kanta. In ragewa ake yi, tana ɗaukar matatar Lanczos (matata ita ce tsarin lissafin da ke raba wa tsofaffin fiksel nauyi). In faɗaɗawa ce, ko hoton yana da sashen da ake gani ta cikinsa, sai ta koma ga Mitchell. Wannan zaɓi na masu hankali ne. Lanczos tana duba fiksel uku ta kowane ɓangare, tana ba wasu daga cikinsu nauyi ƙasa da sifili, shi ya sa gefen abubuwa ke fitowa da kaifi. Kuma idan ana ragewa, ImageMagick tana buɗe wannan tagar, wato yawan fiksel ɗin da ake dubawa, daidai da yawan ragewar: a ragi ninki huɗu, tagar tana rufe fiksel 24 a faɗi maimakon 6. Nan ne take tsere wa ƙananan manhajoji masu duba maƙwabta huɗu kacal ko da ragin ninki goma ne, su tsallake sauran, zanen igiyar ruwa ya fito. Mitchell kuwa, wadda Don Mitchell da Arun Netravali suka gabatar a 1988, tana duba fiksel 16, huɗu sau huɗu. Ta fi laushi, amma ba ta cika barin farin zobe a kewayen baƙin rubutu ba kamar yadda Lanczos ke yi. In laushin ya yi maka yawa, sa `-filter Catrom` kafin `-resize`, za ka sami kaifi tsaka-tsaki. A kula da jerin: matatar da aka rubuta bayan `-resize` ba ta da wani tasiri, domin bi da bi ake zartar da umarnin.

Ga hoton allon kwamfuta ko zanen da ake so murabba'insa su fito ɓaro-ɓaro, ba a son gauraya ko kaɗan. `-sample 400%` yana maimaita kowane fiksel sau huɗu ta kowace fuska. Amma a tsaya kan cikakken ninki, 200 ko 300 ko 400, domin 150 zai bar wasu layuka sun fi wasu kauri.

Babban aibin manhajar, wanda ya kamata kowane mai amfani da ita ya sani, yana wajen haske. Lambobin da ke cikin hoton sRGB, wato tsarin launin da yawancin hotuna ke amfani da shi, ba sa tafiya kai tsaye da yawan hasken da allo ke fitarwa. Baƙi sifili ne, fari 255, amma 128 ba rabin haske ba ne, bai wuce kusan kashi 22 cikin 100 ba. Rabin haske na gaskiya yana wajen 188. To, ɗauki hoto mai fiksel fari ɗaya, baƙi ɗaya, a jere kamar allon dara, ka rage shi da rabi. In ka ja baya ka dubi na asali, ido yana ganin toka mai haske, wato 188. `-resize` kuwa zai haɗa sifili da 255 ya raba biyu, ya ba ka kusan 128, toka mai duhu sosai. A hoton gaske illar tana ɓuya a ƙananan wurare: taurari a sararin dare su dusashe, fitilun gari daga nesa su rage ƙyalli, farin rubutu siriri a kan baƙi ya yi kamar an shafa masa toka, hasken da ke ratsa ganyen bishiya ya mutu. Ba ImageMagick kaɗai ke da wannan hali ba, amma abin takaici ne manhaja mai wannan zurfi ta bar shi a matsayin abin da take yi in ba a ce mata komai ba. Sa'ar ita ce maganin layi ɗaya ne:

`magick asali.jpg -colorspace RGB -resize 25% -colorspace sRGB sabo.jpg`

`-colorspace RGB` yana mai da lambobin su dace da haske na zahiri, a yi ragin a can, sannan a dawo da su. Sharaɗinsa shi ne sigar da ke lissafi da bit 16 ko fiye. Rubuta `magick -version`, in ka ga Q16 ka ci gaba. In Q8 ce, matakai 256 ba za su ishi wannan kai-da-komon ba, wurare masu duhu za su rarrabu layi-layi. Wannan dabara ta ragewa ce. Wajen faɗaɗawa takan ƙara baƙin zobe a gefen abubuwa masu haske, gara a bar ta.

Alamomin girma suna da amfani ƙwarai amma suna da tarko. `1500x1000` yana shigar da hoton cikin wannan akwati ba tare da ɓata siffarsa ba, don haka wani gefen zai iya gazawa. Alamar `!` tana tilasta girman ko da fuskoki za su miƙe. `^` tana cika akwatin har ya yi rara, sai a yanke rarar da `-gravity center -extent 1500x1000`. Ita kuwa `>` tana nufin a rage kawai in hoton ya fi haka girma, kuma dole a saka ta cikin alamar zance, `"1500x1000>"`, in ba haka ba kwamfuta za ta ɗauka ana so ta zuba sakamako cikin wani fayil ne.

Wurin da take cizo da gaske shi ne `mogrify`. Yana sarrafa hotuna ɗari a umarni guda, amma a kan na asali yake rubutawa, babu tambaya, babu dawowa. Kullum a haɗa shi da `-path` da sunan wata jaka da aka riga aka buɗe. Haka `-strip`: yana rage nauyin fayil, amma yana goge bayanin da ke gaya wa allo yadda aka riƙe waya lokacin ɗauka, sai hoto ya fito a kwance. A fara da `-auto-orient`. Yana kuma goge bayanin launi, don haka hoton da aka ɗauka da wani tsarin launi irin su Display P3 ko Adobe RGB zai fito a koɗe in ba a mai da shi sRGB da `-profile` tukuna ba.

Tana da ci wajen RAM. Sigar Q16 HDRI tana ajiye kowane launi da bayit 4, don haka wancan hoto mai fiksel miliyan 24 yana cin kusan megabayit 288 da zarar an buɗe shi, ko da fayil ɗinsa ƙarami ne. Saƙon "cache resources exhausted" yawanci daga iyakar da aka gindaya cikin `policy.xml` yake zuwa. Ga JPEG, sa `-define jpeg:size=3000x2000` kafin sunan fayil, wato ninki biyu na girman da kake nema, za a karanto shi a rage tun daga tushe, aikin ya yi sauri.

Wajen faɗaɗawa kada a ɗora mata abin da ba ta yi alkawari ba. Lissafin cike gurbi yana kintata abin da ke tsakanin fiksel biyu ne, ba ya dawo da abin da kyamara ba ta kama ba. Ninki biyu yana karɓuwa, da ɗan `-unsharp 0x0.75` a bayansa. Ninki huɗu, fuska za ta yi sumul kamar an shafe ta.

Bidiyo ba fagenta ba ne, ita kanta FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, take kira ya buɗe mata shi. Gara a tafi can kai tsaye:

`ffmpeg -i asali.mp4 -vf scale=-2:480:flags=lanczos sabo.mp4`

Wannan `-2` yana da dalili. Bidiyo mai 1920 da 1080 in aka mai da tsayinsa 480, faɗin yana faɗawa kan 853 da ɗoriya. Da `-1` za a sami 853, tsarin matse bidiyo na H.264 mai tsarin launi 4:2:0 kuwa ba ya karɓar lambar da ba ta rabuwa biyu, aikin zai tsaya. `-2` yana kai shi 854. Hoton GIF mai motsi dai ImageMagick na iya masa, muddin an sa `-coalesce` kafin `-resize`, domin yawancin firam ɗinsa gutsattsari ne da ake ɗorawa a kan na baya.

Ga mai shafin intanet, ko mai kanti a intanet da ke da hotunan kaya ɗaruruwa, ko duk mai son sakamako iri ɗaya yau da gobe, wannan manhaja ta cancanci wahalar koyonta, kuma ingancin raginta yana gogayya da na manhajojin da ake saye da kuɗi. Mai hoto ɗaya ko biyu da yake so ya gani da ido kafin ya ajiye, GIMP, manhajar gyaran hoto da ake danna maɓallanta, zai fi masa sauƙi.