Jirgin ceto na kan kanta ko na kan ruwa: abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗin kwali

Jirgin ceto samfurin Severn, wanda shi ne mafi girma a cikin jiragen ƙungiyar RNLI da ke aikin ceto a gaɓar tekun Birtaniya da Ayalan tun 1824, tsawonsa ya ɗan haura mita 17, nauyinsa kuma ya haura tan 40. Idan aka ƙanƙanta shi zuwa ma'aunin 1:72, wato kowane santimita 72 na jirgin gaske ya koma santimita ɗaya, zai dawo santimita 24, ya zauna a kan kanta kusa da littattafai. Idan aka ƙanƙanta shi zuwa 1:12 kuwa, tsawonsa zai kai santimita 144, kuma kafin ya zauna daidai a kan ruwa sai nauyinsa ya kai wajen kilo 24. Wannan ba ya shiga bayan babur, kuma sauke shi a bakin ruwa aikin mutum biyu ne. Duka biyun sunansu Severn a shagon intanet, hotonsu ma kusan ɗaya. Shi ya sa tambayar farko ba "wane jirgi ne ya fi kyau" ba ce. Tambayar ita ce: in ka gama shi, a ina zai zauna? A kan kanta, ko a kan ruwa? Amsarta ce za ta yanke maka ma'auni, da kayan gini, da kuɗi, har da yawan watannin da za ka yi a sunkuye.

Mafi sauƙin shiga shi ne kwalin roba da ake haɗawa da gam. Kamfanin Airfix na Ingila yana da jiragen RNLI biyu a ma'aunin 1:72. Akwai Severn ɗin da na ambata, akwai kuma Shannon, wanda ya fito a 2024, shekarar da ƙungiyar ta cika 200. Shannon na gaske mita 13.6 ne, don haka ƙaraminsa bai kai santimita 20 ba, kuma an yi shi ne domin sabon shiga: a cikin kwalin akwai 'yan gwangwanayen fenti, da buroshi, da gam. Severn ya fi shi yawan gutsattsari da ƙananan abubuwa, musamman ƙarafunan dafawa da suka kewaye bene, waɗanda sirara ne ƙwarai kuma suna saurin karyewa wajen yanko su daga firam. Wanda bai taɓa riƙe matsefata yana manna abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, Shannon zan ce ya fara da shi. Idan ya lalace, asarar ba ta hana barci.

Mai son abu mafi girma a robar, sai ya duba Jamus. Kamfanin Revell ya yi Hermann Marwede, babban jirgin ƙungiyar ceto ta Jamus, DGzRS, wadda aka kafa a 1865. Jirgin gaske mita 46 ne, yana aiki daga tsibirin Heligoland, kuma yana goye da ƙaramin jirgi a bayansa wanda ake zurarawa ruwa idan wurin ya yi masa ƙunci. A 1:72 tsawonsa wajen santimita 64 ne. Akwai kuma na 1:200 ga wanda ɗakinsa ba fili. Launinsa fari da ja da kore, ya bambanta da na Birtaniya, kuma ka sani farin fenti shi ne ya fi tona asirin mai gaggawa.

Sai dai duk waɗannan na kallo ne. Akwai masu dabara da ke cusa musu ƙaramin inji su sa su a ruwa, amma wannan aikin wanda ya ƙware ne, ba abin da kwalin ya yi maka alkawari ba.

Mataki na tsakiya shi ne irin kayan Billing Boats na ƙasar Denmak, inda ake haɗa roba da katako da 'yan kayan tagulla. Suna da Waveney a ma'aunin 1:40. Wannan jirgi yana da tarihi mai daɗi: asalinsa jirgin ƙafa 44 ne na masu gadin gaɓar tekun Amurka, RNLI ta sayi guda a shekarun 1960, ta gwada shi, ta ga ya yi mata, sannan ta riƙa ƙera nata. Suna kuma da Colin Archer, jirgin ceto mai filafilan iska na ƙasar Norwe wanda aka ƙera a 1893, a ƙaramin ma'auni da kuma babba. A nan aikin ya fara zama sassaƙa: yanka, gogewa da sanfefa, awo, sake gogewa. Takardar bayanin irin waɗannan kamfanoni ba ta cika riƙe hannun mutum ba. Zane ne da 'yan layuka, sauran kai za ka gane. Ga mai son ƙanshin katako zalla, Artesanía Latina ta Sifaniya tana da kwale-kwalen ceto na jirgin Titanic a 1:35. Wannan ba jirgin zuwa ceto ba ne, kwale-kwalen tsira ne irin guda 20 da Titanic ke ɗauke da su lokacin da ya nutse a 1912, kuma ana gina shi ne falle a kan falle, kowane yana hawa gefen ɗan'uwansa. Ƙarami ne, amma yana koyar da lanƙwasa katako fiye da manya da yawa.

Yanzu ga inda kuɗi ke tafiya: manyan jiragen rimot, a 1:16 da 1:12. Ƙananan kamfanoni ne a Ingila suka yi suna a wannan fanni, irin su Model Slipway mai Trent da Tamar (su ma samfuran jiragen RNLI ne) a 1:16, da Speedline mai Severn. Da yake yawancinsu sana'ar mutum ɗaya ce ko ta iyali, kaya na iya ƙarewa ya daɗe bai dawo ba, ko sana'ar ta koma hannun wani. Rubuta musu ka tabbatar akwai kayan kafin ka fara lissafi.

Abin da ke cikin irin wannan kwali shi ne ƙwaryar jirgi ta faiba, da fallayen roba da aka buga wa layin yanka ko aka riga aka yanka da na'ura, da jakunkunan ƙananan kaya na farin ƙarfe da tagulla, da babban zane. Abin da ba ya ciki kuwa shi ne yake kayar da mutane. Galibi babu injinan lantarki, babu na'urar daidaita gudunsu, babu batir da cajarsa, babu rimot, babu ƙaramin injin da ke juya akalar jirgi, babu fenti, babu gam. Kwalin kansa ɗaruruwan fam ne, waɗannan kuma wani kuɗi ne mai kauri a kansa. Wasu masu sayarwa ma ƙwarya da ɗakin matuƙi kawai suke bayarwa, sauran kayan ado kowane rukuni da farashinsa. Ba zamba ba ce, haka al'adar kasuwar take, amma wanda ya ga hoto ya ɗauka duk abin da ke hoton yana cikin kwali zai sha mamaki. Ka nemi jerin abin da ke ciki a rubuce.

Tsakanin 1:16 da 1:12, ni ina bayan 1:16, kuma dalilina lissafi ne. Nauyi ba ya raguwa kamar tsawo. Sau uku ake raba shi da lambar ma'auni. Trent mai mita 14.3 da nauyin kusan tan 28, a 1:16 zai zo santimita 89 da kilo bakwai ko ƙasa kaɗan, mutum ɗaya ya rungume shi ya sa a kujerar baya. A 1:12 zai haura kilo 16. Gaskiya babban ya fi kwarjini a ruwa, ya fi jure ƙaramar igiya, kuma yatsu sun fi samun wurin aiki a cikinsa. Amma jirgin da ɗaukarsa ke buƙatar neman taimako, ba a cika fita da shi ba.

Gudu ma akwai lissafinsa, kuma yana hana sayen inji fiye da ƙima. Severn, Trent, Tamar da Shannon duk suna gudun not 25, wajen kilomita 46 a awa. Don ƙaramin jirgi ya tayar da ruwa kamar na gaske, ana raba gudun ne da tushen lambar ma'auni, wato da 4 a 1:16, tunda 4 sau 4 ne ke ba da 16. Kilomita 11 zuwa 12 a awa ke nan. Abin da ya wuce haka, ya daina kama da jirgin ceto ya koma na tsere. Injinan lantarki marasa gawayi a ciki (brushless) sun fi ƙarfi da rashin cin wuta, masu gawayi sun fi arha da sauƙin haɗawa, kuma a hankali suke tashi, abin da ke da amfani wajen matsowa bakin gaɓa. Sai kuma a lura da Shannon: ba shi da farfela a waje, ruwa yake zuƙa ya feso ta baya, shi ya sa na gaske ke iya hawa kan yashin gaɓa kai tsaye. A ƙaramin jirgi wannan na nufin sayen famfunan fesa ruwa biyu, masu tsada, masu kuma toshewa da zarar sun zuƙi ciyawa ko leda. In ruwan da kake da shi kududdufi ne mai kainuwa, Trent mai farfela ya fi maka kwanciyar hankali.

Batir iri biyu ne a gabanka. Na LiPo, wato na litiyam, ba shi da nauyi kuma yana ba da wuta sosai, amma yana buƙatar caja ta musamman, ba ya son zafi, kuma yana iya kamawa da wuta in aka huda shi ko aka yi masa cajin ganganci. Na NiMH ya fi nauyi, ya fi haƙuri. Tunda babban jirgi dama sai an ƙara masa dalma a ciki kafin ya nutsa zuwa layin da ruwa ya kamata ya tsaya a jikinsa, nauyin batir ba aibu ba ne a nan.

Ga mai saye daga Kano, Zariya ko Yamai, akwai ƙarin magana. Batirin litiyam da fentin feshi da wasu nau'o'in gam suna cikin kayan da ake taƙaita aikowa ta jirgin sama, don haka shaguna da yawa ba za su sa maka su a kwali ba. Gara ka tsara tun farko cewa waɗannan a gida za ka neme su: fentin feshi na mota, sufa gulu, da gam mai haɗi biyu irin Araldite duk suna kasuwa. Ka gwada fentin mota a kan guntun roba tukuna, domin wani yana cin ta. Kuɗin aiko ƙwarya mai tsawon mita ɗaya ana lissafa shi ne da girman kwali ba nauyi kaɗai ba, ga kuma kwastan. Yanayi ma yana da ta cewa. A hunturu fentin ruwa na bushewa a bakin buroshi kafin ya kwanta, ƙura kuma na sauka a kan ɗanyen fenti, sai ka tanadi kwali ko babbar roba ta kifewa. Idan wani ya yi maka tayin gutsattsarin da aka buga da firinta mai fitar da siffa, tambaye shi irin robar: ta PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin motar da aka rufe a rana ke iya kaiwa a watan Afrilu.

Hanya ta ƙarshe ita ce sayen zane kawai ka gina komai da hannunka. Ita ce mafi arha a kuɗi, mafi tsada a lokaci, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda kuɗin aike ya fi ƙarfinsa, tunda filawud siriri yana wurin kafintoci, faiba da ruwan haɗa ta suna wurin masu gyaran bambar mota, wayar tagulla kuma tana wurin masu nadin inji. Duk wanda ya taɓa fere karan dawa ya yi mota har da ƙofa mai buɗewa yana da rabin hannun da ake buƙata. Ragowar rabin shi ne karanta zanen haƙarƙarin jirgi da haƙurin awo. Amma ban ba wa kowa shawarar ya fara da nan ba. A gina na kwali ɗaya ko biyu tukuna, a ga yadda sassa ke hawa juna.

Kayan hannu na biyu a kasuwar intanet ta eBay suna da arha, har da samfuran da aka daina yi. Ka nemi hoton cikin kwalin a baje, ka tambaya ko an fara haɗawa, ka duba takardar lambobin mannawa, domin in ta tsufa takan yi rawaya ta farfashe a ruwa.

Abu ɗaya da ya kamata ka yanke kafin ka danna biya shi ne wane jirgi takamaimai kake ginawa. Jiragen RNLI kowane da sunansa da lambarsa a jiki, kuma lambar farko tana nuna samfuri: 17 Severn, 16 Tamar, 14 Trent, 13 Shannon. Launin gaba ɗaya iri ɗaya ne, ƙwarya shuɗi mai duhu, ɗakin matuƙi ruwan lemo, bene ruwan toka, amma eriya, fitilu da na'urar hango jirage suna canzawa daga jirgi zuwa jirgi, har a jirgi ɗaya daga shekara zuwa shekara. Zaɓi wanda hotunansa suka yi yawa a intanet, ta gaba da baya da sama, ka tsaya a kan shekara ɗaya. Sannan ka tambayi mai sayarwa ko kwalin na ɗauke da haruffan sunan wannan jirgi, ko kuwa sai ka ba masu yanka sitika su yi maka. Ruwan lemon nan kuma ba ya rufe roba mai duhu da shafa ɗaya ko biyu, don haka ka sa farin fentin share fage a cikin lissafin sayayyarka.